Kelmscott, Ƙauyen da Hanya Ta Ƙare a Bakin Ruwa

Ɗan ƙanwata da yake karatu a Oxford ne ya kawo shawarar mu je Kelmscott, kuma da farko ban ga dalilin da zai sa mutum ya baro birni mai cike da tsofaffin gine-gine, ya tafi neman ƙauyen da ko a taswira sai an ƙura ido kafin a gan shi ba. Ya ce mini, "Kawu, kwana goma ke nan kana kai da komo tsakanin Landan da nan, amma abin da ka gani kasuwar Ingila ce da makarantarta. Bari in kai ka gonarta." Ban yi masa gardama ba. Ranar wata Asabar a ƙarshen watan Mayu wani abokinsa ya rage mana hanya da mota har garin Lechlade, muka yi da shi cewa zai zo ya ɗauke mu a Kelmscott da yamma, mu kuma muka ƙudura cewa ragowar tafiyar a ƙafa za mu yi ta, muna bin gaɓar kogin Thames.

Wanda ya san wannan kogi a Landan kaɗai, inda yake da faɗi da laka da manyan jiragen ruwa, ba zai yarda cewa shi ne wannan ba. A Lechlade yaro mai ƙarfin hannu zai jefa dutse ya tsallake shi. Mun haye wata gadar dutse mai baka ɗaya da aka gina a 1792, wadda har yau ake kira da sunan rabin kwabon da ake karɓa a hannun duk wanda ya bi ta kanta da ƙafa, ko da yake an daina karɓar kuɗin tun 1839, kuma ɗan ɗakin mai karɓar yana nan a gefenta. A zamanin da aka gina ta, Lechlade tashar kaya ce, domin kusan nan ne iyakar inda manyan kwale-kwale suke iya hawowa, daga nan kuma ake loda cuku da hatsi da duwatsun gini a gangara da su Landan. Yanzu babu abin da yake wucewa sai dogayen jirage masu fenti na 'yan hutu, suna tafiya a hankali kamar ba su da inda za su.

A nan kusa muka tsaya kallon abin da ban taɓa gani ido da ido ba, wato ƙofar ruwa. Wani dogon rami ne da aka gine gefunansa, mai faɗin da jirgi zai shiga, da manyan ƙyamare na katako a kowane ƙarshe, kuma ruwan da yake bayan ƙyauren sama ya fi na ƙasa tudu. Wani jirgi ya taso daga ƙasa ya shiga, aka rufe ƙyamaren bayansa, sai wata mata ta kama wani ƙarfe mai kama da sitiyarin mota tana juyawa, ruwa ya fara bulbulowa daga ƙarƙashi, jirgin yana ɗagowa sannu a hankali tare da mijinta da karensu, har ruwan ciki ya yi daidai da na gaba. Sa'an nan ta jingina bayanta da wani dogon gungume ta tura, ƙyauren ya buɗe ba tare da ta yi nishi ba. Wannan ƙofa ta St John ita ce ta farko daga saman kogin, kuma a gefenta akwai gunkin wani tsoho mai gemu a kishingiɗe, riƙe da shebur, wanda Turawa suke kira Baba Thames. A 1974 aka dawo da shi nan daga mafarin kogin. Hikimar da ke cikin wannan rami ta fi gunkin burge ni nesa ba kusa ba.

Daga nan hanya ta zama turba a cikin ciyawa. A miƙe, tsakanin Lechlade da Kelmscott bai wuce mil biyu da 'yan kai ba, amma kogin ba ya tafiya a miƙe. Lanƙwasa yake yi kamar macijin da aka taka wa wutsiya, har ya zama mun yi tafiyar rabin awa, in na waiwaya sai in hango tsinin hasumiyar cocin Lechlade a inda ban zata ba, wani lokaci a dama, wani lokaci kamar a gabanmu. Ƙasar duk fadama ce shimfiɗaɗɗiya, babu tudu ko ɗaya, sai shanu da bishiyoyin wilo da aka sare wa kai suka sake tofo da siraran rassa. Nan da can muna cin karo da wasu ƙananan ɗakunan siminti masu 'yan tagogi kamar tsagar wuƙa, waɗanda aka gina a 1940, lokacin da ake fargabar sojojin Jamus za su shigo, aka mai da kogin ya zama ganuwa. Ba a taɓa harba harsashi ga abokin gaba daga cikinsu ba, yanzu kuma ganye mai ƙaiƙayi ya rufe bakin ƙofarsu. Bayan mun wuce ƙofar ruwa ta Buscot na taka wani wuri da na ɗauka ciyawa ce, ƙafata ta nutse har idon sawu. Yaron ya danne dariyarsa ya ce, "Sannu, Kawu, ai na faɗa maka wannan takalmin na zuwa ɗaurin aure ne." Da wannan jiƙaƙƙen takalmi na shiga Kelmscott, kuma daga baya na ga cewa babu shigar da ta fi wannan dacewa da tarihin wurin.

Ƙauyen ba ya yi wa baƙo sallama. Babu kasuwa, babu kanti, babu dandali, sai ka ga kawai turbar ta zama ƙaramin titi, gidaje sun fara bayyana ɗaya bayan ɗaya a tsakanin bishiyoyi, da gonaki a tsakaninsu. Mazaunansa ba su wuce ɗari biyu ba. Titin da yake shigowa daga arewa ba ya zarcewa ko'ina, a bakin kogi yake mutuwa, saboda haka duk motar da ka gani ta mai gida ce ko ta wanda ya zo da niyya. Dukkan gine-ginen da dutse iri ɗaya aka yi su, mai launin toka da ɗan rawaya-rawaya, wanda yake sauya kama in rana ta fito daga cikin gajimare. Abu biyu suka tsayar da ni. Na farko shi ne shingen gonaki, wanda ba na itace ba ne, ba kuma ginin dutse a kan dutse ba, sai manyan fale-falen duwatsu da aka kafa a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, kamar allunan almajirai da aka jera a jikin bango. Na biyu shi ne rufin gidajen, wanda shi ma na fale-falen dutse ne, amma an tsara su bisa girma: manya a ƙasa wajen da ruwa yake zuba, suna raguwa sahu bayan sahu har zuwa ƙanana a can ƙololuwa. Dalilin a fili yake, domin bango ne yake ɗaukar nauyin manyan, kuma babu gutsuren da aka fasa a mahaƙa da za a yar. Na daɗe ina kallon rufin wata rumbun hatsi, ina tunanin maginin da ya zauna ya ware dubban duwatsu da ido da tafin hannu.

Kelmscott gunduma ce irin wadda Ingila ta ginu a kanta tun da daɗewa, wato yankin da coci ɗaya yake kula da shi. A nan ake yi wa jariri wankan shiga addini, a nan ake ɗaura aure, a nan ake binne mamaci, kuma har cikin ƙarni na 19 gundumar ce take ɗauke da nauyin matalautanta da gyaran hanyoyinta. Daga baya aka raba aikin coci da na mulki, amma iyakokin suka zauna kusan yadda suke. Sunan ƙauyen daga tsohon Turanci ya fito, ma'anarsa bukkar wani mutum mai suna Cenhelm, wanda ba abin da ya rage nasa sai sunan. Sai dai shekaru aru-aru Kelmscott ba ta da cikakken iko da kanta, reshe ce ta gundumar Broadwell da ke 'yan mil kaɗan a arewa. Tana da ɗakin ibada, amma ba ta da izinin binne gawa, saboda haka duk wanda ya mutu sai an ɗauke shi an kai uwar coci. A lokacin sanyi, sa'ad da kogin yake cika ya malale fadamar, wannan hanya takan zama ruwa da taɓo. A ƙarni na 15 ne mutanen ƙauyen suka kai kuka, aka ba su izinin yin maƙabartarsu. Duk wanda ya taɓa sa kafaɗa a ƙarƙashin makara da damina ya san abin da suka roƙa, kuma ni a ganina wannan ne babban abin da ya taɓa faruwa a tarihin ƙauyen, ko da yake ba shi ne yake kawo baƙi ba.

Cocin, mai sunan Waliyyi George, yana can ƙarshen ƙauyen ta arewa, nesa da ruwa. Ƙarami ne ƙwarai, ba shi da hasumiya sai wani ɗan gini a kan rufi inda ƙararrawa take rataye. An fara gina shi wajen 1190, aka ƙara masa fukafukai biyu a ƙarni na 13, kuma tun wajen tsakiyar ƙarni na 16 ba a yi masa wani babban sauyi ba. Mun tarar da ƙofar a buɗe, babu kowa sai wata dattijuwa tana sauya ruwan furanni. Ta amsa gaisuwarmu, ta dubi takalmina ta yi murmushi, ta nuna mana ɓangaren arewa da hannu ta ci gaba da aikinta. A jikin bangon wurin akwai zane-zane da aka yi da jar ƙasa shekaru fiye da ɗari bakwai da suka wuce, sun koɗe har sai ido ya saba da duhun ɗakin kafin ya fara rarrabe mutum da ganye. A cikinsu akwai labarin Ƙabila da Habila. Ban yi tsammanin zan tarar da ƙissar da na sani tun ina yaro a bangon wani ƙauyen manoma a Ingila ba, amma da na yi tunani sai na ga babu labarin da ya fi kusa da mutanen da rayuwarsu duka gona ce da tumaki da rikicin iyaka. Sanyin ɗakin irin na cikin randa ne, ga warin dutse mai laima.

Babban gidan da ake zuwa gani yana ɗaya ƙarshen, dab da kogi. Wani manomi mai hali, Thomas Turner, shi ya gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 16, wani magajinsa mai irin sunansa ya ƙara masa sashe bayan kimanin shekaru saba'in zuwa ɗari, kuma zuriyarsu ta riƙe gidan da gonakinsa kusan shekaru ɗari uku. Ba sarakuna ba ne, ba kuma masu sarauta ba, manoma ne da suka tara abin hannu daga hatsi da tumaki, suka yi ta auratayya da maƙwabta, aka binne su a cocin da muka baro. Su ne suka yi Kelmscott yadda take. Amma a cikin baƙin da na gani a farfajiyar gidan ran nan, ina shakka ko akwai mutum biyar da suka zo saboda su.

Saboda William Morris ake zuwa. Marubucin waƙoƙi ne, mai zanen ado na tufafi da bango, mai buga littattafai, daga baya kuma ɗan gwagwarmayar gurguzu. A 1871 ya karɓi hayar gidan tare da abokinsa mai zane, Dante Gabriel Rossetti, domin iyalinsa su riƙa samun wurin hutawa daga hayaƙin Landan. Zaman bai yi daɗi ba, saboda abin da ke tsakanin abokin da matar Morris, Jane, ba ɓoyayye ba ne, kuma a 1874 Rossetti ya tafi bai sake dawowa ba. Morris bai taɓa mallakar gidan ba, ɗan haya ne har ya mutu, amma ƙaunar da ya yi wa wurin ta kai ya sa wa gidansa na Landan da maɗaba'arsa sunan Kelmscott. Ganyen wilo da na wuni ina gani a bakin kogi shi ne a jikin takardar bangon da ya zana, kuma shahararren zanensa na 1883, na tsuntsaye masu satar 'ya'yan itace, a lambun wannan gida ya ga ɓarayin. Da na matsa kusa da wani ƙyalle mai wannan zane sai na gane shuɗin, domin baba ne. Mutumin ya ƙi rinin kanti na zamaninsa, ya koma ya koyi rini da shuni, har ya riƙa yawo da hannaye shuɗaye kamar wanda ya fito daga karofin Ƙofar Mata. A nan ne na fara ganin girmansa.

Babban abin da ya yi wa ƙauyuka irin wannan shi ne hana a taɓa su. A zamaninsa ana yayin "gyaran" tsofaffin coci-coci, a kankare bango, a rushe abin da ya tsufa, a sake gina shi yadda mai zanen gini yake ganin ya kamata a ce ya kasance tun farko. Morris ya ɗauki wannan a matsayin ɓarna, kuma a 1877 ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda take aiki har yau, bisa ra'ayin cewa a toshe yoyo, a tallafi bango, a bar sauran yadda magabata suka bari. Na yarda da shi a kan wannan. Inda nake da ja shi ne yadda masu zuwa suke ɗaukar kyan ƙauyen kamar shaida ce ta jin daɗin mutanen da suka zauna cikinsa. A shekarun da Morris ya fara zuwa nan, leburorin gona na wannan yanki suna cikin masu mafi ƙarancin lada a Ingila. A 1872 Joseph Arch ya kafa musu ƙungiyar ƙwadago, kuma a shekarar da ta biyo baya aka ɗaure mata goma sha shida na ƙauyen Ascott-under-Wychwood, a cikin wannan lardi na Oxford, saboda sun goyi bayan mazajensu masu yajin aiki. Gidajen da muke ɗauka hoto yanzu, da furanni a bakin taga, a da iyali mai 'ya'ya da yawa ne yake cushe a ɗaki biyu, laima tana tasowa daga ƙasa. Abin da ya adana Kelmscott, ban da Morris, shi ne ruwan da ya hana a yi hanya ta ratsa ta, da kuma rashin kuɗin da za a rushe a sake gini. Jirgin ƙasa ma da ya zo, tasharsa tana can nesa da gari, kuma a 1962 aka rufe layin.

Iyalinsa sun bar nasu sawun. Jane ta sa aka gina gidaje biyu a 1902 don tunawa da mijinta, da hotonsa a sassaƙe a jikin dutsen bango, yana zaune a gindin bishiya, hularsa a gefe. Ta sayi babban gidan a 1913, shekara guda kafin rasuwarta. 'Yarsu May ta zauna a nan har ta rasu a 1938, ita ce kuma ta yi ta fafutukar tara kuɗin ɗakin taron ƙauyen, wanda marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw ya buɗe a 1934, Firayim Minista Ramsay MacDonald yana cikin mahalarta. Ta bar wa Jami'ar Oxford gidan, daga 1962 kuma ya koma hannun ƙungiyar masana kayan tarihi ta Landan. Duk waɗannan sababbin gine-gine da dutsen wurin aka yi su, da irin rufin wurin, har baƙo ba zai iya ware su daga na shekaru ɗari uku ba sai an nuna masa.

Mun yi sallar azahar da la'asar a kan ciyawa a bayan ƙauyen, inda wani ɗan rafi yake komawa cikin kogi, sa'an nan muka sha shayi a gidan saukar baƙin da ake kira da sunan garma, wanda gindin wani tsohon gicciyen dutse yake tsaye a gabansa. Da yamma ta yi muka koma maƙabartar, domin a can muka yi da mai motar zai same mu. Kabarin Morris yana wani lungu a bayan shuke-shuke, sai an nema. Ya rasu a Landan ranar 3 ga Oktoba 1896, bayan kwana uku aka kawo gawarsa Lechlade a jirgin ƙasa, aka ɗora akwatin a kan keken dokin da ake kwasar amfanin gona da shi, mai rawayan jiki da jajayen ƙafafu, an yi masa ado da rassan wilo da ganyen inabi, aka biyo da shi cikin ruwan sama da iska har nan. Abokinsa Philip Webb ne ya tsara dutsen kabarin, dogo, mai gangara biyu kamar rufin ɗaki, an ɗaga shi kaɗan daga ƙasa a kan wasu ƙananan duwatsu. Jane da 'ya'yansu mata biyu suna tare da shi a ƙarƙashinsa. Kewaye da su kuma kaburburan mutanen ƙauyen ne, waɗansu sun karkace, gansakuka ta cinye rubutun har ba a iya karanta ko harafi ɗaya.

Na zauna a kan katangar na cire takalmin, na juye shi ko sauran ruwan zai fita. Dattijuwar nan ta fito daga cocin da bokitinta, ta ja ƙofar, ta ce mana in mun dawo cikin watan Janairu mu zo da takalmin roba mai kaiwa gwiwa, domin turbar da muka biyo takan kwana a ƙarƙashin ruwa. Yaron ya duba wayarsa ya ce, "Kawu, ya ce ya ɓata hanya, ya bi wani titi ya tarar da kogi a gabansa." Na ce ya gaya masa ya juyo, ya bi inda ya ga rufi mai ƙararrawa.